Shinkafar Roba a Bikin Nafisa

Ba zan taɓa mantawa da ranar wunin bikin Nafisa ba, kuma ba don ban gwada mantawar ba. Na gwada, abin ya ƙi. Tun da ya ƙi, gara in ba da labarin da bakina, domin masu ba da shi a madadina sun yi yawa, kowa kuma da irin gishirin da yake ƙara masa.

Sai na fara gaya muku ko ni wace ce a lokacin, don ku san daga inda na faɗo. Shekarata ashirin da ɗoriya a Fatakwal. Aure ne ya kawo ni, maigidana mahauci ne a mayankar Trans-Amadi. Daga baya ƙanena Sanusi ya biyo mu, ya kama sana'ar albasa a Kasuwar Oil Mill, ya yi aure ya hayayyafa a nan. Kafin a yi mini aure na taɓa zaman shekara biyu a wani kemis a Kano ina miƙa magani (miƙawa kawai, mai kemis ɗin ne ke faɗar suna ni kuma in ɗauko daga kanta). To wannan shekara biyun ita ta ishe ni zama likitar unguwa. Yaro ya yi zazzaɓi, a zo wurina. Mace ta ga ƙurji a wuya, a zo wurina. Ban taɓa cewa ni likita ce ba. Ban kuma taɓa cewa ni ba ita ba ce.

Ana nan babban ɗana ya saya mini babbar waya, ya saka ni a zauren matan unguwa na cikin waya. Nan aikina ya ƙaru. Duk saƙon da ya shigo da cewa a tura wa 'yan uwa don ceton rai, ni ce ta farko wajen turawa. Ni na sa mutanen gidana suka yi wanka da ruwan gishiri lokacin annobar nan da aka yi, maigida ya wuni yana susa a mayanka. Ni na hana kowa amsa lambar da bai sani ba, wai akwai wata lamba da in ka ɗaga jini zai ɓalle maka ta kunne (sanadin haka surukata ta kwana uku tana kiranmu da wayar maƙwabcinta, ba wanda ya ɗaga, har ta aiko a duba ko lafiya).

Ba kare kaina zan yi ba, amma wanda bai yi zaman kudu ba da wuya ya gane. Mu nan baƙi ne, ko da a nan aka yanke maka cibiya. Akwai ranakun da jita-jita ce ta sa muka janye yara muka kulle ƙofa da wuri, kuma kullewar ta yi rana. In ka ga haka sau ɗaya, kunnenka ba ya sake kwanciya. Sai ka gwammace ka gaskata ƙarya goma da ka ƙaryata gaskiya ɗaya. Abin da ba a gaya maka shi ne, ƙaryar goman nan kowacce akwai wanda take faɗowa a kansa.

A shekarar ce maganar shinkafar roba ta cika gari. An ce a ƙasar waje ake haɗa ta, a shigo da ita ta ruwa, mu kuwa da ke zaune a bakin ruwan ai mu za ta fara samu. Bidiyon da na kalla a kanta ba ya ƙirguwa. Na haddace alamominta kamar karatun allo: fara ce tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, in an dafa ka dunƙula ka buga da ƙasa sai ta yi tsalle, in ka kara mata wuta sai ta yi baƙi ta yi wari. Har tsayawa nake a kasuwa ina koya wa matan da ba su tambaye ni ba.

Nafisa ita ce 'yar farin Sanusi, don haka ni ce gwaggon amarya, kuma kun san gwaggo a gidan biki ba ta da shugaba. Angon, Mustafa, ɗan wani dillalin shanu ne a nan mayankar. Asalinsu mutanen wajen Haɗeja ne, danginsu suka cika mota biyu suka taho, tafiyar da sai an kwana a hanya. Gidan Sanusi ya yi kaɗan, sai aka kafa rumfunan mata a layinmu, girki kuma a bayan gidanmu.

Girkin, kamar kullum, a hannun Maman Rifkatu yake. 'Yar kudancin Kaduna ce, mijinta direba ne a wani kamfani, kuma tun zuwana Fatakwal muke maƙwabtaka. Ita ta karɓi haihuwar autana ranar da ruwan sama ya cika layi mota ta kasa shigowa. Da Kirsimeti tana aiko mana da cincin, da Sallah muna aika mata da nama. Kusan duk bikin Hausawan unguwar ita ke dafa shinkafarsa, domin ta san bakinmu, nama kuma a hannun mazajenmu take karɓa, ba wanda ya taɓa yi mata wata tambaya. Da wannan sana'ar take biyan makarantar 'ya'yanta.

Ranar wunin na gaji irin gajiyar da mutum ke jin kansa kamar na aro. Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin tela, mai lalle da masaukin baƙi. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin anko ya ƙi shiga sai da na taka bayansa. An yi ruwa da safe ya jiƙa tabarmi, rana ta fito ta dafa mu da irin zafin nan na Fatakwal da zufa ba ta bushewa. Ko karyawa ban yi ba. Ban faɗi wannan don a yi mini uzuri ba, na faɗa ne don duk wadda ta ji kanta a irin wannan hali ta nemi wuri ta zauna, kada ta yanke hukunci a kan komai.

Bayan azahar mata sun cika rumfa, malamar da aka gayyato tana yi wa amarya nasiha ta lasifika, sai na zagaya baya in ga ko abinci ya kammala. Manyan tukwane huɗu a kan murhu, biyu dafa-duka, biyu fara. Maman Rifkatu ta ɗaga murfin farar, tururi ya yaye, na leƙa.

Fara ce tas, dogaye, kowace ƙwaya a ware kamar an jera ta da hannu. Na waiga jikin bango, ga buhunan da aka juye a ninke. Farare, ba rubutu, ba hoto, ba sunan kowa. Na tambaye ta daga ina shinkafar nan ta fito. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana cika kula take ba ni amsa, ta ce wata motar kaya ce ta sauke su shekaranjiya, kuma rabon da ta ga shinkafa mai kyau haka har ta manta, ko tsinta ba ta yi ba don ba tsakuwa ko ɗaya. Ta ƙara wata magana da sunan Sanusi a ciki, amma lasifika ta cinye. Ban ce ta maimaita ba. Na riga na ji abin da nake so in ji: wata mota, ba rubutu, ba tsakuwa.

Na faki idonta na ɗebi cikin hannu, na koma bayan tankin ruwa. Na dunƙula, na matse da iya ƙarfina har ta zama kamar ƙwai, na buga da siminti. Ta yi tsalle. Tsallen bai kai taƙi ɗaya ba, amma a idona har sama ta tashi. Na zuba 'yan ƙwayoyi a cokali na tura cikin garwashi, suka yi baƙi suka yi ƙauri. (Me nake so su yi a cikin wuta, su yi kore? Wannan tambayar sai bayan sati guda ta zo mini.)

Abin da mai hankali za ta yi a nan ba ɓoyayye ba ne. Sanusi yana zaune da maza a ƙofar masallaci, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Waya ma tana hannuna. Amma kuloli sun riga sun fita, ana ta rabo, na hango wata mai tsohon ciki tana kai loma, ga yara sun kewaye tire. Tsoro na ji na gaske, wannan Allah ya sani. Sai dai tun da na ce zan faɗi gaskiya, a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi. Kullum a waya nake ganin wasu sun kama, yau ni na kama da hannuna.

Malama tana tsakiyar bayanin haƙuri a gidan miji na karɓi makirufo daga hannunta (na fizge, in dai gaskiya ake so).

“Jama'a, don Allah kowa ta ajiye cokali. Shinkafar nan ta roba ce.”

Na ɗebi loma daga farantin malamar, na dunƙula a gabansu, na buga da ƙasa. Ta yi tsalle ta gangara. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ba a ma buƙata.

Abin da ya biyo baya, in na rufe ido har yanzu ina ganinsa. Masu tofarwa suna tofarwa, masu sa yatsa a maƙogwaro suna sawa. Hajiya Laraba, wata dattijuwar unguwarmu da ta riga ta share faranti biyu, ta kwanta a tabarma tana kalmar shahada, tana cewa ga robar nan tana jin narkewarta a ciki. Aka tambayi magani, na ce manja, domin haka na karanta. Sai ga galan ɗin manjan girki ana bin yara da shi ana ɗura musu, suna kuka suna fesowa a kan leshin anko. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo da muka gayyata ta rungume ni, tana ce mini da Turancin broka wai yau Allah ya yi amfani da ni na ceci rayuka. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Wasu mata suka goya 'ya'yansu suka kama hanyar gida a guje. Wasu kuma, masu zafin nama, suka zagaya baya suka kinkimi tukwanen farar nan biyu suka kife a bakin kwata.

Daga nan aka juya kan Maman Rifkatu. Tana tsaye da ludayi a hannu, fuskarta duk toka da zufa, mata suka kewaye ta. Wannan ta ce a ina ta sayo, waccan ta ce dama ana ba su mai kyau su canja. Tana ƙoƙarin bayani ba mai saurare. Can wata daga baya ta ce, “Ai mu ne da sakaci, mu ɗauki cikinmu mu miƙa wa…” Ba ta ƙarasa ba. Ba ta buƙatar ƙarasawa, kowa ya san inda maganar ta dosa.

Maman Rifkatu ba ta kalli mai maganar ba. Ni ta kalla. Ni kuma, da makirufo a hannuna, da duk layin ke jin numfashina, ban ce uffan ba. A duk abin da na aikata ranar, wannan ne ba na iya ba da labarinsa da dariya.

Hayaniyar ta isa ƙofar masallaci. Sai ga Sanusi ya shigo da sauri, mahaifin ango a bayansa, da wani tsoho da ban sani ba. Gajere ne, siriri, babbar rigarsa ta sha wanki amma an goge ta tsaf. Ashe yayan mahaifin angon ne, Baba Sale, a cikin baƙin Haɗeja yake. Shi bai yi sauri ba. Ya yi sallama, ya gaishe da mata ɗaya bayan ɗaya da gajiyar biki kamar ba abin da ke faruwa, sannan ya tsaya a bakin kwata yana kallon tulin shinkafar da ke tururi a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

Ya tambayi wa ya ce ta roba ce. Hannuwa suka nuno ni, har da alfahari. Ya gyaɗa kai, ya ce a zubo masa a faranti daga wadda ta rage a kula. Ya zauna a kan benci, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara ci. Ba miya, ba mai. A hankali yake ci, mata sama da ɗari suna kallon bakinsa. Sai da ya share farantin ya yi hamdala, sannan ya ɗago.

“Hajiya, ke ce gwaggon yarinyar?”

Na ce ni ce, Baba.

“To shinkafar nan ni na shuka ta. Ni na yi mata dashe, ni na kore mata tsuntsu, ni na yanke ta. In roba ce, to a gonata ta zama roba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da bayani kamar mai ba da labarin wani. Ya ce bara ambaliya ta cinye gonar ko buhu bai ɗauka ba, bana Allah ya dube shi. Da aka sa ranar auren ɗan ƙanensa, ya duba bai da saniya bai da komai, sai ya ware buhunan da suka fi kyau. Ya ce da yana iya kai ta ƙaramin injin ƙauyensu, amma ya ɗauka har gari, inda aka kafa sabon inji mai cire tsakuwa ya goge ƙwaya, don kada a ce mutanen ƙauye sun kawo wa 'yan birni shinkafa mai tsakuwa. Bai yarda a saka ta a mota ita kaɗai ba, shi ya hau bayan motar kayan ya zauna a kan buhunan har Fatakwal, yana jan tamfol duk inda hadari ya taso.

Sanusi ya matso kusa da ni, da murya ƙasa ya ce, “Yaya, ai na gaya miki ranar Laraba, a ƙofar ɗakinki.”

Ya gaya mini. Nan take na tuna shi a tsaye yana magana, ni kuma idona a kan waya ina ce masa to, to, Allah ya saka. Ina jin ma bidiyon shinkafar roba nake kallo.

Wata da ta san ciwon kanta a nan za ta durƙusa. Ni kuwa, da yake rabon a ƙarasa ni ne, sai na ji bakina yana cewa, “Amma Baba, ai ta yi tsalle.”

Maman Rifkatu ta ajiye ludayinta. Ta ratsa cikin mata ta shige gidanmu, kai tsaye zuwa kicin ɗina, domin ta san inda kowane cokali yake a ciki. Ta fito da 'yar tukunyata mai ragowar shinkafar jiya, ta dire a gabana.

“Hajiya, wannan wa ya dafa?”

Na ce ni.

“Wa ya sayo?”

Na ce ni.

Ta ɗebi cikin hannu, ta dunƙula kamar yadda ta ga na yi, ta buga da ƙasa. Tawa ta fi tasu tsalle. Ta tashi ta sake dira ta gangara har ƙarƙashin kujerar malama. Wata da ba na raba ɗaya biyu 'yar uwar ango ce ta ciro garwashi ta kara wa ƙwayoyin tawa, suka yi baƙi suka yi ƙauri, ba bambanci. Wata guda ina koya wa jama'a wannan gwaji, ban taɓa yi wa tukunyar gidana ba.

Hajiya Laraba ta tashi zaune ta gyara ɗaurin ɗankwali. Dariya ta fara daga ɓangaren dangin ango, ƙasa-ƙasa, sai ta kama rumfa kamar gobara. Na ce a raina, ƙasa ki tsage in shige. Ashe a fili na faɗa, kuma makirufo a kunne yake.

Baba Sale bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce abu ɗaya yake roƙo, a kwashe ta saman da ba ta taɓa ruwan kwata ba a ba kaji, kada ta tafi a banza. Ba wanda ya motsa. Sai na gane ni ake jira. Na cire takalmi na ɗauki bokiti, na durƙusa a bakin kwata da leshina, na yi ta kwasa da hannu, yara masu jan baki da manja suna tsaye a kaina.

Tukunya biyun da suka rage ba su kai ko'ina ba. Maigidana bai ce da ni komai ba, ya tara abokan sana'arsa suka koma suka samo nama, aka hura wuta aka yi tsire, aka kwashe burodin shagunan layin kaf. Mutanen da suka kwana a hanya don su ci shinkafar biki, burodi suka ci da lemo. (Sai bayan kwana uku maigidan ya yi magana, da na kawo masa shayi. Ya leƙa kofin ya tambaya ko an gwada.)

Da za a tafi da amarya aka kira ni in yi mata faɗan gwaggo, kamar yadda aka saba. Na zauna kusa da ita na rasa ta inda zan fara. Nafisa ta ɗaga mayafi kaɗan, idonta ya yi ja, ta ce, “Gwaggo, yanzu da wane ido zan kalli danginsa?” Na ce ta yi haƙuri, wanda dama shi malama ke faɗa kafin in fizge mata makirufo.

Washegari na je masaukin baƙi na durƙusa gaban Baba Sale. Ya ce ba komai, wallahi ba komai, tsoron Allah da tsoron cutar da mutane ne suka sa ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Maman Rifkatu kuwa ta wanke tukwanenta ranar ta tafi ba ta yi wa kowa sallama ba. Da na je gidanta ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar yara. Na fara dogon bayani a kan bidiyo da gajiya, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, “Ba shinkafar ce ta dame ni ba, Hajiya. Da matar nan ta buɗe baki, ke na kalla.” Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna ni da kofin ruwa har na gane an sallame ni.

Abin bai tsaya nan ba. Matan da suka gudu da wuri ba su ga Baba Sale ba, ba su ga tukunyata ba, rabin labarin suka kai gida. Cikin sati biyu gidaje biyu da suka riga suka yi magana da Maman Rifkatu suka janye aikinsu. Na zauna na rubuta dogon saƙo a zauren mata, na faɗi gaskiyar abin da ya faru daga farko har ƙarshe, na roƙi a tura wa 'yan uwa. Mutum uku suka amsa da Allah ya kyauta. Ba wadda ta tura. Dole na saka hijabi na bi gida gida da kumburarrun ƙafafuna, ina ba da labarin wautata a kowane tsakar gida, ana ba ni kujera ana kiran maƙwabta su zo su ji. Ƙaryar minti ɗaya na yi ta da makirufo. Gaskiyar sai da na kai ta da ƙafa, wata biyu, kuma ban gama ba.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga ƙawata ta ƙuruciya, Asabe, wadda ke aure a Coal Camp a Inugu. Bidiyo ne. A ƙasa an rubuta wai an kama shinkafar roba a wani biki a Anacha, mutum bakwai sun mutu, a tura wa 'yan uwa don ceton rai. Na buɗe. Ga wata mata nan da leshi, ɗankwali a karkace, makirufo a hannu, tana buga dunƙulen shinkafa da ƙasa. Ashe wata ta ɗauka a waya, kuma daidai wurin tsallen ta yanke. Hoton ya sha hannu har fuskar ta dushe, amma ni ai na san kaina.

Na kira Asabe na ce mata matar nan ni ce, a Fatakwal aka yi ba a Anacha ba, ba wanda ya mutu, shinkafar kuma ta gona ce. Ta ce lallai matar tana kama da ni, amma wadda ta turo mata, maƙwabciyarta ta san ɗaya daga cikin mamatan. Na rantse mata. Ta ce to ta ji, amma dai ko ma mene ne in riƙa kula da abin da nake ci. Na kashe wayar na kwanta. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ko ta bikin ba ta kai ta ba.

Sai da aka kwashe watanni kafin wani gida ya yarda ya ba Maman Rifkatu girkin suna, bayan na je sau uku. Da na kai mata labari ba ta yi murna ba. Ta ce za ta dafa, amma da sharaɗi: in zauna a gaban rumfa inda kowa zai gan ni, farantin farko nawa ne, kuma in cinye. Na zauna. Ta zubo mini da hannunta, ta cika har yana zuba, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Ina ci mata suna ƙunshe dariya. Da na kai loma ta ƙarshe ta karɓi farantin, ta tambaye ni ko gishiri ya ji. Na ce ya ji. Ta ce to gobe in aiko a karɓar mini ƙanzo, ta san ina so. Iyakar sulhun ke nan, kuma na karɓe shi hannu biyu.

Abin da ban sani ba shi ne na kafa al'ada. Tun daga ranar, kowane biki ko suna a unguwar nan, farantin farko ni ake kawo wa. Yaran da ba a ma haifa ba lokacin, Gwaggo Roba suke kirana, suna zaton sunan yanka ne. Likita (na gaske, mai takarda) ya ce in rage shinkafa saboda sukari, na ce masa wannan ba a hannuna yake ba.

Darasin da na samu ba wani babba ba ne, amma da tsada na saye shi, don haka ga shi kyauta. Duk abin da za ki auna tukunyar wani da shi, ki fara gwada shi a taki tukunyar, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. In ta yi tsalle, ki zuba miya ki ci abinki, ki yi shiru.